Yadda Ake Bitar Zanen Ɗalibi Bayan An Tura Shi Gasa

Da zarar an rufe karɓar aikin gasa, ɗalibin zane yakan ajiye fensir ya ce alhamdu lillahi, ya koma jiran sakamako. In sunansa ya fito, sai ya ce aikin ya yi kyau. In bai fito ba, alƙalai ne ba su gane ba. Ko ta wace hanya, makonni shida ko takwas da ya kwashe yana wahala sun tafi bai tsinci darasin da ke cikinsu ba. Wannan asara tana damuna fiye da rashin kyautar, domin kyauta mutum kaɗan ke samu, darasin kuwa na duk wanda ya shiga ne.

Gasannin da nake nufi su ne waɗanda ke ba ɗalibi takardar buƙata, wato birif, kamar yadda kamfani zai ba ƙwararren mai zane. A Landan, ƙungiyar D&AD da aka kafa a 1962 tana da gasar New Blood, inda kamfanoni na gaske ke rubuta buƙatar, kyautar kuma fensir ce: na katako, na girafait, rawaya, fari, sai baƙi wanda ba kasafai ake bayarwa ba. Kamfanin Penguin yana gasar zana bangon littafi. Macmillan na da kyautar zanen littafin yara tun 1985. A Italiya, baje kolin littattafan yara na Bolonya yana da nunin masu zane tun 1967, inda ake tura zane biyar. Ga yadda malami da ɗalibi za su zauna su duba aikin da aka yi wa irin waɗannan gasanni.

Na farko: a bar aikin ya huce, amma kada a jira sakamako

Kada a yi bita a ranar da aka tura aiki. Ido ya gaji, zuciya kuma tana manne da zanen. A bari kamar mako biyu. Sai dai a yi ta kafin sakamako ya fito, don in ya riga ku, shi zai yi muku hukunci, ku ku koma ƴan amshi.

Na biyu: a koma kan takardar buƙata kafin a kalli zanen

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa. A buga takardar a kan farar takarda, a kife zanen tukuna. Ɗalibi ya ɗauki biro kala uku. Da ja ya ja layi ƙarƙashin abin da aka ce dole ne: girman aiki, adadin shafuka, rubutun da dole ya bayyana, nau'in fayil. Da shuɗi ya ja ƙarƙashin wanda ake son zanen ya yi wa magana. Da baƙi kuma, matsalar da mai buƙatar yake son a warware masa.

Sannan ya rufe takardar, ya rubuta buƙatar da bakinsa cikin jimla ɗaya: wa ake son ya gani, me ake son ya ji ko ya yi bayan ya gani. In jimlar ta gagare shi bayan makonni yana aiki a kanta, to an gano ciwon tun kafin a buɗe zanen. Na sha ganin ɗalibi mai hannu, wanda layinsa ke da daɗin kallo, ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. An ce a zana bangon littafi na yara masu shekara takwas zuwa goma sha biyu, shi kuma ya zana abin da zai burge abokansa na aji. Zanen ya yi kyau, amma riga ce da aka ɗinka wa wani.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa kai tsaye, amma yana ciki. Bangon littafi ba a bango ake rataye shi ba. A kan kantar shago yake zama tsakanin ɗaruruwan ƴan'uwansa, sau da yawa ma gefensa kawai ake gani, a shagon intanet kuwa bai fi kan sarki girma ba. Littafin yara mai hotuna a bisa al'ada shafi 32 ne, kuma babba ne ke karantawa yaro na kallo, don haka dole a bar wa rubutu wuri, kada kuma fuskar jarumin ta faɗa tsakiyar littafi inda ake ɗinki. A tambayi ɗalibi: ka yi tunanin inda aikinka zai zauna, ko a allon kwamfutarka kawai ka san shi?

Na uku: a shimfiɗa duk tafiyar a ƙasa

Yanzu a fito da komai: littafin gwaje-gwaje, ƙananan zane-zanen farko, hotunan da aka tattara, har da waɗanda aka dunƙule aka jefar. A jera su a kan tabarma ko tebur bisa tsarin kwanakin da aka yi su. Abin da ake nema shi ne mararraba, wato inda ɗalibi ya zaɓi hanya ɗaya ya bar sauran.

A ƙirga dabaru nawa ya gwada kafin ya tsaya a kan ɗaya. In ɗaya ce tak, kuma ita ce ta fara faɗo masa, to akwai yiwuwar ita ce ta fara faɗo wa sauran masu shiga gasar. In labarin na soyayya ne sai a ga zuciya, in na bincike ne sai a ga gilashin ƙara girma, in na Afirka ne sai a ga bishiya da faɗuwar rana. Alƙalin da ya ga irinsu hamsin kafin azahar ba zai tsaya a kan na hamsin da ɗaya ba.

Sau da yawa kuma a cikin tarkacen nan ake tsintar zinariya. Wani ɗan zane da aka yi cikin minti biyu a gefen shafi yakan fi aikin ƙarshe rai, domin a wajen gogewa da gyarawa an kashe masa motsi. In an ga haka, a ajiye su gefe da gefe, ɗalibi ya nuna da yatsa abin da ya ɓace a hanya. Wataƙila karkatar kafaɗa ce, wataƙila farin fili ne da ya ji tsoro ya cike.

Na huɗu: a gwada zanen, mai shi ya yi shiru

Wannan mataki shi na fi riƙewa da muhimmanci. A gasa ba wanda zai tsaya kusa da zane yana cewa "abin da nake nufi a nan shi ne". Don haka a nemo mutum uku da ba su san aikin ba, zai fi kyau in akwai wanda ya yi daidai da mutanen da takardar ta ambata. In na yara ne, a nemo yaro. A nuna masa zanen na daƙiƙa biyar, a kife, a tambaye shi me ya gani, me yake tsammanin labarin ya ƙunsa. Ɗalibi ya rubuta amsar yadda ta fito, bai da izinin buɗe baki. Zai ji zafi, na sani, amma wannan shirun ya fi lakca guda amfani.

Bayan haka sai gwajin ido, kuma ba ya cin lokaci. A manna zanen a bango a ja da baya taku goma. A rage shi a waya har ya koma kamar kan sarki, a ga ko sunan littafin yana karantuwa. A mayar da shi baƙi da fari: in komai ya haɗe ya zama toka-toka, to launi ne ke ɗauke da zanen, haske da duhu ba su yi aikinsu ba. A kuma duba shi a madubi, domin karkatacciyar fuska ko hannun da ya fi ɗan'uwansa tsawo nan take suke tona kansu.

Rubutu ma a dube shi da idon basira. Ɗaliban zane da yawa sukan gama hoto sannan su nemi inda za su cusa suna, kamar baƙon da ya zo an gama rabon abinci. A gasar bangon littafi ana ba da ma'auni mai gaba da gefe da baya, kuma alƙalai duka ukun suke kallo.

Na biyar: a tambayi daga ina hotunan suka fito

A nan zan ɗan tsaya a kan ɗalibanmu na gida, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda ke gwada waɗannan buƙatu a aji ko suke shiga waɗanda ƙofarsu ke buɗe ga kowa. Kuskure biyu nake yawan gani, kuma kishiyoyin juna ne. Ɗaya ya kwaikwayi abin da ya ci gasa bara, har launi da salon fuska, sai aikinsa ya koma kamar na kowa. Ɗayan kuma ya ɗauko dagi ya manna a kowace kusurwa don a san daga Arewa yake, alhali dagin ba ya faɗin komai game da buƙatar.

Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a kan wannan tambaya: yaya za a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka gada a gida? Tambayar tana nan da ranta. Zanen bangon gidajen Zariya da Kano, aikin allura a wuyan babbar riga, zayyanar allo, sassaƙar ƙwarya, duk makaranta ce ta yadda ake raba fili da maimaita siffa da jan ido zuwa tsakiya. Wanda ya koyi wannan tsarin zai iya zana bangon littafin da labarinsa ya faru a Ingila, ba dagi ko ɗaya, amma a ji hannunsa daban ne. A wajen bita, a nuna kowane ado a tambaya: in an cire shi, saƙon ya ragu? In bai ragu ba, kaya ne kawai aka ɗora wa zanen.

Haka kuma a bi diddigin hotunan da aka duba. Koyi da wani halal ne, amma in an ɗora zanen ɗalibi a kan hoton wani suka hau daidai, wannan ya zama matsala, kuma gara malami ya gano ta a aji da alƙali ya gano ta a gasa.

Na shida: a duba ƙananan abubuwan da ke kayar da babban aiki

Wannan a yi shi da sauri, kamar mai duba kaya kafin tafiya. Aikin da za a buga ana son ɗigo 300 a kowane inci. Allon kwamfuta da haske kala uku yake aiki, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗi ko kore mai ƙyalli a allo yakan dushe a takarda. Ana barin rarar kamar milimita 3 a kowane gefe saboda yankan wuƙa. A duba sunan fayil, da kuskuren rubutu, da ko hoton da aka ɗauka na zanen hannu ya fito da inuwa a gefe. A kuma sake karanta sharuɗɗan gasar: wa ya cancanci shiga, don wasu na mazauna wata ƙasa ne kawai, wa ke da haƙƙin mallakar aikin bayan an tura, kuma an yarda a nuna shi a fili da tambarin kamfanin ko a'a.

Na bakwai: a rubuta, kuma a rubuta gaskiya

Shafi ɗaya ya isa. Abin da nake hana ɗalibai shi ne jimloli irin su "na ji daɗin aikin, na koyi abubuwa da yawa". Ba abin da za a yi da su. A maimakon haka ya rubuta abin da aka nema, shawara uku mafi girma da ya yanke da dalilin kowace, abin da mutanen nan uku suka gani, da inda ganinsu ya saɓa da nufinsa. Misali: "Na zaɓi duhun shuɗi don a ji tsoro, amma yaron da na nuna wa bai ga kuren da ke bayan bishiya ba, saboda duhunsu ɗaya." Mai wannan jimla ya san abin da zai gyara gobe.

Malami kuma ya kiyaye harshensa. Ya fara da faɗin abin da yake gani kafin abin da yake so, ya yi magana a kan zanen ba a kan mai zanen ba, kuma kada ya karɓi fensir ya gyara da hannunsa. In ɗalibi ya ce, "Malam, to yaya zan yi?", a mayar masa da tambayar zuwa ga jimlar nan ɗaya da ya rubuta a mataki na biyu. Yawanci amsar tana can.

Na takwas: idan sakamako ya fito

Sai a nemo ayyukan da aka zaɓa, waɗanda masu gasar kan wallafa, a yi musu gwajin da aka yi wa namu: daƙiƙa biyar, kan sarki, baƙi da fari. Ba salonsu za a kwasa ba. Abin dubawa shi ne wace jimla ta takardar buƙata kowannensu ya kama ya riƙe, kuma me ya yarda ya bari a waje. Wani lokaci za ka ga wanda ya ci bai kai ɗalibinka iya zane ba, ya dai fi shi karanta tambaya. Wani lokacin kuma za ka ga aikin ɗalibinka bai gaza ba, zaɓin alƙalai ne ya faɗa wani wuri, kuma in haka ne a faɗa masa ƙarara don kada ya watsar da hanya mai kyau.

Daga nan a ware kwana biyu ko uku a gyara abu ɗaya ko biyu da bitar ta nuna, ba duka ba, a saka sabon a kundin ayyukan da zai nuna wa masu ba da aiki, tare da jimlar buƙatar da ƴan zanen gwaji biyu a gefensa. Shafin bitar kuma a sa masa kwanan wata, a manna shi a cikin bangon sabon littafin gwaji, inda ɗalibi zai ci karo da shi ranar da ya buɗe don fara buƙata ta gaba.