Yadda Ake Ƙara wa JavaScript Aikin Cire Abu Daga Jeri

JavaScript, yaren rubuta manhajar kwamfuta, yana da hanyoyi da dama na rage jeri (array), amma babu wadda za ka miƙa mata abin da kake son cirewa ta nemo shi da kanta. Aikin `pop` yana cire na ƙarshe, `shift` yana cire na farko, shi kuwa `splice` sai ka faɗa masa lambar gurbin da abin yake. Ɗaliban da suka fara da yaren Python sukan yi mamakin rashin `remove` da suka saba da shi. Ana iya ƙara wa yaren wannan aiki, sai dai yana buƙatar kulawa.

Mu ɗauka kana rubuta wa wata tashar mota manhajar da ke nuna garuruwan da ake lodi:

```
const garuruwa = ["Daura", "Funtua", "Malumfashi", "Dutsinma"];
```

Kada ka yi amfani da `delete garuruwa[1]` domin cire Funtua (daga 0 ake fara ƙirga gurbi), saboda zai bar gurbin babu komai, tsawon jerin kuma yana nan huɗu. Hanyar da aka fi bi ita ce a nemo gurbin da `indexOf`, a miƙa wa `splice`, kuma a nan haɗarin yake. Idan ka nemi Jibia alhali ba ta cikin jerin, `indexOf` zai dawo da -1, shi kuma `splice` yana ɗaukar -1 a matsayin gurbin ƙarshe, don haka zai cire Dutsinma ba tare da nuna wani kuskure ba. Fasinja zai duba allo ya ga babu motar Dutsinma, alhali tana tsaye ana jiran mutum biyu ta cika. Wannan kaɗai ya isa dalilin rubuta aikin sau ɗaya a wuri guda, maimakon maimaita shi a kowane shafi.

Ga yadda za a ɗora shi a kan `Array.prototype`, wato tushen da kowane jeri ke gādon ayyukansa:

```
Object.defineProperty(Array.prototype, "cireDuka", {
  value: function (abu) {
    let adadi = 0;
    for (let i = this.length - 1; i >= 0; i--) {
      if (this[i] === abu) {
        this.splice(i, 1);
        adadi++;
      }
    }
    return adadi;
  },
  writable: true,
  configurable: true
});
```

Daga nan `garuruwa.cireDuka("Funtua")` zai cire garin ya dawo da 1, idan kuma ka ba shi Jibia zai dawo da 0, jerin bai motsa ba.

An fara zagayen daga ƙarshe ne da gangan. Duk lokacin da `splice` ya cire abu, waɗanda ke bayansa suna matsowa gurbi ɗaya, saboda haka idan daga farko kake tafiya kuma sunan ya zo sau biyu a jere, za ka tsallake na biyun. Haka nan wajibi ne a rubuta kalmar `function` cikakkiya, domin gajeren salon nan mai alamar kibiya (`=>`) ba ya ɗaukar jerin a matsayin `this`, wato kalmar da ke nuna jerin da aka kira aikin a kansa. Amfani da `Object.defineProperty` kuwa shi ke ɓoye sabon aikin. Da ka rubuta `Array.prototype.cireDuka = ...` kai tsaye, duk inda wani ya zagaya jeri da `for...in` sai sunan aikin ya fito tare da lambobin gurbi. A kuma sani cewa `===`, alamar gwada daidaito, ba ya gane `NaN` (sakamakon lissafin da bai ba da lamba ba), kuma idan abubuwan cikin jerin bayanan fasinjoji ne masu suna da lambar kujera, zai gane ainihin abin da aka ajiye ne kawai, ba wani mai kama da shi ba.

Batun suna ya fi yadda ake zato nauyi. MooTools, wani tsohon kundin ayyuka da shafukan intanet da yawa suka dogara da shi, ya ƙara wa yaren ayyuka da sunayen da ya ga dama. Sakamakon haka, kwamitin TC39 da ke kula da ƙa'idar yaren ya janye sunan `contains`, ya fitar da `includes` a ƙa'idar 2016. A 2018 aka sake cin karo da `flatten`, wanda ya karya shafukan da ke amfani da MooTools, dole aka mayar da shi `flat` a ƙa'idar 2019. Shi ya sa ba na ba da shawarar kiran aikinka `remove`, domin ba mamaki wata rana yaren ya zo da nasa mai wannan suna da wani hali daban.

A ganina, wannan dabara ta dace da manhajar da kai da abokan aikinka kaɗai kuke riƙe da ita. Idan kundi kake rubutawa domin wasu su ɗauka, ka bar `Array.prototype` yadda yake, ka fitar da aiki mai zaman kansa, `cireDuka(jeri, abu)`. Idan kuma da React kake aiki, wato kundin gina fuskar manhaja, inda ba a son taɓa jerin asali, `garuruwa.filter(g => g !== "Funtua")` zai ba ka sabon jeri, haka ma `toSpliced` da ya shigo a ƙa'idar 2023, amma ka fara gwada shi a tsofaffin wayoyin da ba a sabunta burauzarsu ba kafin ka dogara da shi.