Kurakuran da shugabanni suka fi yi wajen mayar da aiki kan kwamfuta, da yadda za a gyara su

In kana son sanin ko ma'aikata ta koma aiki da kwamfuta da gaske, leƙa rajista. A wurare da yawa za ka tarar da kwamfutoci a jere an lulluɓe su da leda saboda ƙura, akawu na shigar da lambar wasiƙa a babban littafi, masinja kuma na hawa bene da fayil a hammata. An kashe kuɗi, an yi bikin ƙaddamarwa, aiki yana nan yadda aka gaje shi. Galibi daga ofishin shugaba matsalar ta taso, kuma kurakuran kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Wanda ya fi yawa shi ne fara sayen kaya kafin a san ciwon da ake son magancewa. Ɗan kwangila ya zo da manhaja mai ƙyalli, shugaba ya gani ya yaba, sai a sa hannu. Kafin a kai nan, ya kamata shugaba ya ɗauki aiki guda, misali biyan kuɗin sallama ko ba da lasisi, ya bi takardar da ƙafarsa daga teburin farko zuwa na ƙarshe. Hannu nawa take ratsawa? Ina take kwana? Sa hannun wa ne ba ya ƙara komai? Sau da yawa za a ga rabin matakan ba su da amfani. A soke su tukuna. Idan aka kwashe tsohon tsari yadda yake aka zuba a kwamfuta, jinkirin nan dai za a ci gaba da sha, ga kuɗin data da na mai an ƙara a kai.

Daga nan sai miƙa ragamar ga sashen kwamfuta, a ce ai su suka san abin. Yaron da ya iya haɗa intanet ba shi da ikon ce wa daraktan kuɗi ya daina karɓar fayil. Wannan hukunci ne na shugaba, kuma ma'aikata ayyukansa suke kallo fiye da jawabinsa. Shugaban da ya ba da umarnin a koma amfani da imel, amma sakatarensa ke buga masa kowane saƙo a takarda ya yi sharhi da jan biro, ya riga ya faɗa wa kowa cewa umarnin wasa ne. Ba sai ya zama gwani ba. Ya buɗe tsarin da kansa kullum, ya amince da takardu a ciki, ya ƙi karɓar wanda aka kawo ta bayan fage.

Kuskuren da ya fi tsada, a ganina, shi ne raina waɗanda sauyin zai shafa. Duk wanda ya nuna turjiya sai a ce ɗan gargajiya ne ko yana da abin ɓoyewa. Gaskiya ne akwai masu cin abinci da jinkirin fayil, kuma su ba za su taɓa so ba. Amma akwai dattijon akawu da ke tsoron jin kunya a gaban yaran da shi ya koya musu aiki, akwai kuma wanda ya hango wata matsala ta gaske da masu tsara manhajar ba su sani ba. Dubi abin da ya faru da IPPIS, tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayyar Najeriya da aka fara a 2007 don kawar da ma'aikatan bogi. Manufar mai kyau ce. Da aka zo shigar da jami'o'i, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce tsarin bai yi la'akari da yanayin aikinsu ba, kamar malaman da ke zuwa koyarwa na wucin gadi daga wata jami'a da masu hutun bincike, har ta fito da nata tsarin mai suna UTAS. Batun ya shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na wata takwas a 2022, ɗalibai suka zauna a gida. A Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, zaman da aka ƙi yi tun farko an dawo an yi shi bayan an yi asarar shekaru. Gyaran shi ne a kira masu ƙorafi tun ana zana tsari, a raba ƙorafin aiki da na son rai, a gyara na farko, a tsaya tsayin daka a kan na biyu. Horon ma a yi shi a kan teburin mutum da ainihin aikinsa. Bitar kwana biyu a otal, a karɓi alawus a watse, ba ta koya wa kowa komai.

Sai gaggawa. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoban 2022, ya sa ƙarshen Janairun 2023 a matsayin wa'adin tsofaffin kuɗi, da burin rage hada-hada da tsabar kuɗi. Sababbin takardu ba su wadata ba, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar cunkoson tura kuɗi, mutane suka riƙa kwana a layin ATM, 'yan kasuwar ƙauye da ba su da asusu suka rasa yadda za su yi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Kwatanta da hukumar JAMB, wadda ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 tare da ta takarda, ba ta koma kwamfuta zalla ba sai 2015. A gwada a reshe ɗaya, a ga inda yake yoyo, a toshe, sannan a faɗaɗa. Kuma tun kafin ranar farawa a amsa tambayar da kowa ya san za ta zo: in an ɗauke wuta ko sabis ya yanke, me za a yi wa mutumin da ke tsaye a gaban teburin ma'aikaci yana jira?

Kishiyar wannan ma kuskure ce: a bar takarda da kwamfuta suna tafiya tare har abada. Aiki ya ninka, ma'aikaci kuma zai koma ga wanda ya saba. A sa ranar rufe tsohon littafi bayan gwaji ya yi kyau, a cika ta.

A kamfanoni akwai wani nau'in tsoro, na kada sabon abu ya kashe hajar da ke kawo riba yau. Injiniyan Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Amurka, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma ribar kamfanin a fim ɗin ɗaukar hoto na tsofaffin kyamarori take, shugabanni suka yi ta jan ƙafa wajen rabuwa da shi. A Janairun 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Gyaran shi ne, sashen da ke kula da sabon abu yana buƙatar kasafinsa da shugabansa daban, kada a auna shi da ribar tsohon a shekarunsa na farko.

Tsarin zai yi tuntuɓe wata rana, wannan babu makawa. Abin da ke rusa amana shi ne musu. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Shugaban da ke hukunta mai kawo labari maras daɗi, shi ne zai zama na ƙarshe da zai ji cewa tsarinsa ya tsaya.

Akwai kuma abin da ake mantawa ranar sa hannu a kwangila. Manhaja tana da kuɗin sabunta lasisi duk shekara, batiran sola suna mutuwa, ma'aikacin da aka horar yana samun canjin wurin aiki. A sa waɗannan a kasafin kuɗi na kowace shekara, a horar da aƙalla mutum biyu a kan kowane aiki. A kuma rubuta ƙarara cewa bayanan ma'aikatar mallakinta ne, kuma manyan kalmomin sirri suna hannun jami'anta, don kada ranar da aka saɓa da ɗan kwangila a kan biyan kuɗi ya rufe tsarin ya tafi da bayanan albashin mutane.