Yadda Za Ka Sha Maganin Barci da na Sakin Tsoka Ba Tare da Ka Cutu Ba

Duk wanda likita ya rubuta wa diazepam ko Lexotan saboda barci ya ƙaurace masa, ko aka ba shi methocarbamol ko baclofen saboda baya ya riƙe, ya kamata ya san cewa a ƙwaƙwalwa da laka waɗannan magunguna suke aiki, har da waɗanda ake kira na sakin tsoka. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna GABA wanda ke rage gudun saƙonnin jijiyoyi, kamar yadda birki ke yi wa mota. Diazepam, wanda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium, ƙara wa wannan birki ƙarfi yake yi, shi ya sa fargaba ke lafawa, jiki ya saki, ido ya yi nauyi.

Sai dai barcin da ƙwaya ke kawowa bai kai na halitta daɗi ba, domin tana rage barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne jiki ke samun hutu na gaskiya. Kuma diazepam ba ya saurin barin jini. Jiki kan ɗauki awa 20 zuwa 50 kafin ya kawar da rabin abin da aka sha, abin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa. Wannan ne ya sa direban da ya sha bayan isha'i yake wayar gari cikin magagi, ƙafarsa na jinkirin kaiwa ga birki alhali shi yana jin garau yake. Na fi jin tsoronsa ga tsofaffi: tsohuwa ta tashi alwalar asuba, jiri ya kwashe ta a ƙofar banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye.

Saboda haka, kafin ka haɗiyi ƙwayar farko, ka zayyana wa likita duk abin da kake sha da duk larurar da kake da ita. Ka faɗa masa idan kana da ciwon hanta ko na ƙoda, domin baclofen ta ƙoda yake fita, kuma yakan taru a jikin wanda ƙodarsa ta yi rauni. Ka faɗa masa idan iyalinka sun ce kana minshari har numfashinka na ɗaukewa cikin dare. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su sanar. Wanda aka ba tizanidine, wani maganin sakin tsoka, kada ya haɗa shi da ciprofloxacin, maganin da mutane ke yawan saye a kemis don magance taifot, domin haɗin kan sa awon jini (BP) ya yi ƙasa ƙwarai.

Kada ka haɗa maganin barci da tiramol, ko kodin, ko barasa. Kowannensu yana danne sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi, kuma idan suka taru mutum na iya wucewa cikin barcinsa. Tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa dangin diazepam da dangin kodin. Ko Piriton na mura yana ƙara nauyin barcin.

Ka sha daidai adadin da aka rubuta, ka ajiye tuƙi da aikin inji har sai ka ga yadda jikinka ya karɓa. Likitoci ba sa son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan dangin diazepam, saboda ƙwaƙwalwa na sabawa, ƙwaya ɗaya ta daina isa, mutum ya koma biyu.

Idan kuwa ka riga ka yi watanni kana sha, kada ka yanke dare ɗaya, ko da kunya ko nadama ce ke damun ka. Ƙwaƙwalwar da ta saba da birki takan zabura idan aka cire shi farat ɗaya, sai ka ga rawar hannu, gumi, faɗuwar gaba, rashin barcin da ya fi na da, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka koma wurin likita ya tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu.

In ka tarar da wanda ya sha ba ya farkawa, numfashinsa na ja da ƙyar ko leɓensa ya sauya launi, ka kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja. A garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalin maganin.