Yadda za ka nemo maganin kuskuren kod a injin bincike

Idan kod ɗin da ka rubuta ya ƙi aiki, kwamfuta takan fitar da saƙon kuskure, kuma tambayar da za ka kai wa injin bincike tana cikin wannan saƙon. Masu koyo da yawa da zarar sun ga jan rubutu sai su rufe shi, su je su rubuta wa Google cewa manhajarsu ba ta aiki. Babu mai iya amsa irin wannan tambayar.

Da farko, karanta saƙon a natse. A yaren kod na Python, layin ƙarshe ne mai muhimmanci: shi ke faɗin nau'in kuskuren da dalilinsa, layukan da ke samansa kuma suna nuna fayil da lambar layin da abin ya faru. A ce ka rubuta print("Shekaru: " + 25). Python zai ba ka TypeError: can only concatenate str (not "int") to str, wato ka yi ƙoƙarin haɗa rubutu da lamba. Idan JavaScript kake koyo, danna F12 a burauza ka buɗe Console, can saƙon yake.

Na biyu, tsame abin da yake naka kai kaɗai. A nan mutane suka fi tuntuɓe. Saƙon yakan zo da sunan fayil ɗinka, da sunan folda, da sunayen da ka raɗa wa abubuwa a cikin kod. Babu wani a duniya da yake da waɗannan, saboda haka injin bincike ba zai samo su ba. Idan ka ga NameError: name 'jimla' is not defined, cire jimla, ka nemi sauran, ka ƙara kalmar python a gaba. Ka kuma duba da kyau kafin ka liƙa komai, domin wani lokaci kalmar sirri ko mabuɗin API (lambar sirri da manhajarka ke shiga wata manhajar da ita) kan fito a cikin saƙon, kuma abin da ya shiga intanet dawo da shi ba sauƙi.

Na uku, ƙuntata binciken. Idan ka sa jimla tsakanin alamar zance, kamar "is not defined", injin zai nemo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. Idan ka ƙara site:stackoverflow.com (Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod) ko site:github.com (GitHub, shafin da ake ajiye kod), daga wannan shafin kaɗai zai kawo maka. Alamar ragi a gaban kalma tana korar ta: wanda ke neman JavaScript amma Java ta dame shi sai ya rubuta -java. Waɗannan suna aiki a Google da Bing. Injunan bincike ba su cika kula da alamomi irin su =>  ba, don haka ya fi ka rubuta sunan alamar da kalmomi.

Sai batun kwanan wata, wanda a ganina ya kamata a koya wa kowa tun ranar farko. An buɗe Stack Overflow a 2008, shekarar da Python 3 ta fito, kuma amsoshi masu yawa na wancan zamanin an rubuta su ne don Python 2, wadda aka daina kula da ita a ranar 1 ga Janairun 2020. Gane su ba wuya: idan ka ga print "sannu" babu baka biyu, tsohuwa ce. Amsar tana iya zama daidai a lokacinta, yau kuma ta jefa ka cikin sabon kuskure. Saboda haka ka san sigar da ke kwamfutarka ta hanyar rubuta python --version a terminal (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni), ka duba shekarar kowace amsa, idan kuma tsofaffi sun yi yawa ka ƙara after:2022 a binciken Google.

A Stack Overflow, kada ka tsaya a amsar da aka sa wa koren maki. Makin yana nufin ta yi wa mai tambayar aiki ne kawai. Karanta ta biyu da ta uku, da ƙananan bayanan da ke ƙarƙashinsu, domin a nan ake yawan cewa hanyar ta tsufa. Idan matsalar daga wata laburare ce da ka sauke (wato kod ɗin da wasu suka rubuta kake amfani da shi), je shafinta na GitHub ka duba sashen Issues, inda ake kai rahoton matsaloli, har da waɗanda aka rufe. Don ainihin bayani kuma akwai docs.python.org, masu JavaScript suna da shafin MDN.

Da ka sami maganin, rubuta shi da hannunka maimakon kwafa da liƙawa, kuma abu ɗaya za ka canza kafin ka sake gwadawa. Idan ka canza uku a tare, ba za ka san wanne ya yi gyaran ba. Umarnin da ya fara da sudo (mai ba da cikakken iko a kan kwamfuta), ko mai ɗauke da rm -rf, kada ka taɓa shi sai ka fahimci abin da zai yi, domin na biyun yana goge fayiloli ba tare da ya tambaye ka ba. Amsar da manhajojin hira irin su ChatGPT suka ba ka ma haka za ka tantance ta.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba kada gwiwarsa ta yi sanyi. Kalmomin saƙon kuskure ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa: undefined, expected, denied, deprecated. Buɗe littafi ko manhajar haddace kalmomi ta Anki, duk sabuwar da ka gani ka rubuta ta tare da cikakken saƙon da ta fito a ciki. Kana iya fassara bayanin amsa da Google Translate, amma saƙon kuskuren kansa ka neme shi yadda ya fito, harafi da harafi.

Idan duk ka bi waɗannan babu labari, rage kod ɗin zuwa 'yan layukan da har yanzu suke fitar da kuskuren. Sau da yawa a wajen ragewar za ka hango matsalar da kanka. Idan ba ka hango ta ba, kai tambayarka da waɗannan layukan, da cikakken saƙon, da sigar da kake amfani da ita, da abin da ka riga ka gwada.