Masu zuwa bakin teku a Badagry hutun nan, ga shawara

'Yan uwa na Zariya, kafin ku hau mota a Kwangila, kowa ya buga takardar NIN ɗinsa a PZ ko Samaru, a manne ta da leda. A sa a aljihun gaba, ba ƙasan jaka ba.

Dalili: Badagry, a jihar Legas, na dab da Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Daga Agbara zuwa gadar Gbaji shingaye ne birjik: kwastan, shige da fice, 'yan sanda. Da an ji Hausa a bakinka, sai a tambaye ka ko daga Nijar kake. Hoton kati a waya ba ya wadatarwa. Caji kan ƙare, wani jami'in kuma sai ya riƙe takarda a hannu. Mutum ɗaya mara shaida zai tsayar da mota guda cikin rana, yara na kuka.

In kun isa Legas, ku bar tashar Mile 2 zuwa Badagry da an sallame Asuba. A dawowa kada a sayo shinkafar waje ko gwanjo, komai arha. Kwastan za su sauke.

Ranar Kirsimeti da 1 ga Janairu dabarar ba ta aiki, cunkoso ya fi ƙarfin takarda. Ku jinkirta kwana 2.