Yadda ake jure juyin sa'a da wasa da ƙaramin tari a gasar poka ta intanet

Duk wanda ya shiga gasar poka a shafi irin su PokerStars ko GGPoker ya kamata ya san cewa a yawancin gasa kusan kashi 15 cikin 100 na mahalarta ne kawai suke samun kuɗi, kuma kaso mafi tsoka yana tafiya ga waɗanda suka kai teburin ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce, ɗan wasan da yake samun kuɗi daidai da wannan ƙima zai iya buga gasa 10 a jere bai samu ko sisi ba, kuma yiwuwar hakan ta kai kusan ɗaya cikin biyar. Labarin Chris Moneymaker, wanda ya samu gurbi ta intanet ya kuma ci dala miliyan 2.5 a babbar gasar Las Vegas a 2003, ya ja mutane da yawa zuwa wasan, amma a gasar nan ma mutum ɗaya ne ya ɗauki kambun, sauran ɗaruruwan suka koma gida.

Lissafin kati da kansa yana nuna inda juyin sa'a yake fitowa. Idan kana riƙe da A-A, wato hannu mafi ƙarfi da ake fara wasa da shi, abokin karawarka yana da K-K mai bi masa, kuka tura duka tsabarku kafin a buɗe katin tebur, damarka ta cin nasara kusan kashi 82 ce. Sai dai gasa mai tsawo tana bukatar ka tsallake irin wannan karo sau da dama, kuma yiwuwar ka tsallake huɗu a jere kusan kashi 45 ce kawai, wato ko da kati mafi ƙarfi a hannunka kowane lokaci, faɗuwarka ta fi tsirarka kusa. Saboda haka ne masu wasan da gaske suke ware jarin da bai gaza kuɗin shiga gasa 100 ba, har ma fiye idan gasar ta dubban mutane ce, kuma jarin ya zama kuɗin da rasa shi ba zai taɓa cefanen gida ko kuɗin haya ba. Idan jarin ya ragu, sai ka sauko zuwa gasa mai rahusa maimakon ka haura don neman fansa.

Da zarar tarinka ya fara raguwa, ka daina kallon yawan tsabar da ke gabanka, ka riƙa ƙirga ta da babban kuɗin dole, wato abin da ɗan wasa yake sawa tilas kafin a raba kati. A ce ƙaramin kuɗin dole 1,000 ne, babban kuma 2,000, mutum takwas ne a tebur, kowa kuma yana ƙara 250 a kowane hannu. Kafin kowa ya motsa akwai 5,000 a tsakiya. Idan kana da 20,000, tarinka babban kuɗin dole 10 ne, kowane zagayen tebur yana cinye maka 5,000, kuma zagaye huɗu na zaman jira sun isa su gama da kai, tun ma ba a ɗaga kuɗin dolen ba.

A wannan matsayi zaɓi biyu ne suka rage, ko ka tura duka ko ka ajiye kati. Ƙaramin ƙari na 4,000 yana jefa ka cikin tsaka mai wuya, domin idan wani ya tura maka duka ka janye, ka zubar da kashi ɗaya cikin biyar na tarinka a banza. Idan kuwa kowa ya ajiye har wasa ya iso gare ka a kujerar mai rabawa, saura mutum biyu a bayanka, to kati irin 5-5 ko A-7 ko K-10 ya isa ka tura duka, kuma idan su biyun suka janye ka kwashe 5,000, tarinka ya ƙaru da rubu'i ba tare da an ga katinka ba. A kujerun farko, inda mutum shida ko bakwai suke jiran motsinka, dole ka zaɓi kati mafi ƙarfi, tunda yiwuwar wani ya tashi da babban hannu ta fi yawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne jiran A-A ko K-K har tari ya narke. Mutumin da ya bari tsabarsa ta koma 6,000 ya rasa makaminsa mafi kaifi, wato tsoron da turawarsa take jefa wa abokan wasa. Idan ya tura, tsakiya ta zama 11,000, mai babban kuɗin dole kuma 4,000 kawai zai ƙara, don haka damar kashi 27 ta ishe shi ya amsa, kuma kusan kowane kati biyu suna ba shi wannan. Gara ka tura da matsakaicin kati tun tarinka yana da cizo.

Amsa turawar wani kuwa tana bukatar kati mafi ƙarfi fiye da wanda za ka tura da shi, domin mai amsawa ba shi da damar cin kuɗi ta hanyar janyewar abokin karawa. Wannan taka-tsantsan yana ƙaruwa idan ana dab da shiga sahun masu samun kuɗi, inda tsabar da za ka rasa ta fi wadda za ka ci daraja. A gasar share fage, inda duk waɗanda suka rage suke samun tikiti iri ɗaya na shiga babbar gasa, akwai lokacin da ajiye A-A ma shi ne daidai, idan tarinka ya riga ya isa ya kai ka kuma wasu suna gab da fita.

Bayan kowace gasa, buɗe tarihin hannayen da shafin yake ajiyewa, ka duba hannun da ya fitar da kai da guda biyu ko uku kafin shi. Ka rufe katin da ya fito daga baya, ka rubuta girman tarinka, kujerarka, da yawan waɗanda suke bayanka, sannan ka auna ko za ka sake yin wannan motsin idan yanayin ya dawo. Idan ka lura kana buɗe sabuwar gasa cikin fushi minti kaɗan bayan an kayar da babban katinka, rufe kwamfutar ka bar ta sai washegari.