Yadda ɗan jarida zai tantance ƙarar laifukan yaƙi kafin ya buga labari

A watan Mayun 2003, makonni kaɗan bayan sojojin Amurka sun shiga Bagadaza, wani lauya ya shigar da ƙorafi a Beljiyam a madadin wasu 'yan Iraƙi, yana zargin Janar Tommy Franks, kwamandan sojojin Amurka a yaƙin Iraƙi, da laifukan yaƙi. Labarin ya karaɗe duniya, amma janar ɗin bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Gwamnatin Beljiyam ta tura batun Amurka, kuma a watan Agustan shekarar, bayan matsin lamba daga Amurka, ta soke dokar 1993 da ta ba kotunanta ikon sauraron irin waɗannan laifuka ko a ina aka aikata su.

Saboda haka, idan lauya ya kira taron manema labarai ana tsakiyar yaƙi, ka fara neman takardar ƙorafin ka riƙe ta a hannunka. Ka duba hatimin ofishin da ya karɓa, da kwanan wata, da lambar fayil, sannan ka kira ofishin da kanka ka ji ko an buɗe bincike. A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, domin miƙa ƙorafi daban, tuhuma daban, sammaci kuma daban. A Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague, kowa na iya aika wa mai gabatar da ƙara bayani ƙarƙashin sashe na 15 na Yarjejeniyar Roma da ta kafa kotun, kuma amsar da ke cewa an karɓi saƙo ba ta nufin an fara shari'a. Duk kanun da ya ce “an gurfanar da wane” alhali wasiƙa kawai aka aika, yaudarar mai karatu ne.

Daga nan sai batun hurumi. Ka tambayi masanin shari'a da ba shi da hannu a ƙarar ko kotun tana da ikon sauraronta, da kuma ko muƙamin wanda ake zargi ya ba shi rigar kariya. Sau biyu, a 2004 da 2006, aka kai ƙorafi a Jamus kan Donald Rumsfeld, sakataren tsaron Amurka na lokacin, kuma sau biyun babban mai gabatar da ƙara ya ƙi buɗe bincike.

Shi ma lauyan ka bincike shi: ƙararraki nawa irin wannan ya taɓa shigarwa, ina suka kwana, wa ke biyan kuɗin aikin, kuma ko ya zauna da mutanen da yake cewa yana wakilta. Yana yi mini ciwo in ga an ɗaga hoton yaron da bam ya kashe a gaban kyamara, alhali ba wanda ya nemi izinin uwarsa.

Duk da haka, kada tsantseni ya sa ka yi watsi da kowace ƙara. Waɗanda aka azabtar a zamanin mulkin Hissène Habré a Chadi sun kai ƙorafinsu Dakar a 2000, suka yi shekara 16 suna bin sawu, har wata kotu ta musamman a Senegal ta yanke wa tsohon shugaban na Chadi ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu, 2016. Abin da ya riƙe wannan ƙara shi ne shaidu masu rai da tarin takardun 'yan sandan sirrinsa da aka gano a Njamena. Ka nemi irin wannan hujja a hannun lauyan, ka kuma rubuta ranar da za ka koma kan batun bayan wata uku, domin idan an yi watsi da ƙorafin, masu karatunka su ji a shafin da suka fara ganin zargin.